Ciwo na Biyu: Larurorin Jijiya da na Taɓin Hankali da Garkuwar Jiki Ke Haddasawa Bayan Cututtukan Bairos, da Abin da Ya Shafi Jimeta da Yola

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya a Jimeta, Jihar Adamawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi larurorin jijiya da na ƙwaƙwalwa da ke biyo bayan cututtukan bairos, waɗanda garkuwar jikin majinyaci ke jawowa bayan ƙwayar cutar ta ja da baya. An ɗauki misalai huɗu da suka shafi yankinmu: kurumcewa bayan zazzaɓin Lassa, kumburin ƙwaƙwalwa bayan ƙyanda, shanyewar gaɓɓai ta Guillain-Barré, da kumburin ƙwaƙwalwar da ke zuwa da kamannin taɓin hankali. Hujjar maƙalar ita ce, tazarar makonnin da ke tsakanin ciwon farko da na biyu ita ke hana a haɗa su, a gida da asibiti, kuma ana iya rage wannan asara da kayan aikin da ke hannunmu a yau.

Gabatarwa



A al'adar jinyarmu, saukar zazzaɓi ita ce alamar sauƙi. Da zarar jikin yaro ya yi sanyi ya karɓi kunu, sai dangi su ce jiki alhamdu lillahi, mu rubuta sallama, mu ba wani gadon. Galibi hakan daidai ne. Amma a cikin waɗanda muka sallama akwai 'yan kaɗan da wani ciwo ke jira a gaba, bayan kwana goma, ko mako uku, ko wata biyu. Wani kunnensa zai toshe, wani ƙafafunsa za su mutu, wata kuwa za ta daina barci ta kama surutai. Lokacin da hakan zai faru, katin asibiti ya ɓace, an manta da zazzaɓin, sai a ba sabon ciwon suna dabam: shan-inna, farfaɗiya, iska, sammu, hauka. Kowane suna kuma da ƙofar da yake kai mutum, kuma ba duka ba ne ke ɓullewa asibiti.

Yadda garkuwa ke juyowa kan mai ita

Idan bairos ya shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini kan karanci siffar fatarsa, su ƙera sinadaran kariya da suka dace da ita. Matsalar ita ce, wani lokaci siffar da aka karanta tana kama da wani sashe na jijiyar mutum, musamman rufin kitsen da ke naɗe da jijiya wanda ke sa saƙo ya bi ta cikinta da sauri. Lamarin kamar na 'yan sintirin unguwa ne da aka kwatanta musu rigar ɓarawo, ɓarawon ya tsere, sai suka far wa mai gida don tasa rigar irin ta ɓarawon ce. Wannan ita ce hanyar da aka fi sani. Akwai wata kuma: bairos ya shiga ƙwaƙwalwa ya yi ɓarna, sassan da a da suke ɓoye daga idon garkuwa su fito fili, garkuwar ta ɗauke su baƙi. Sannan akwai sinadaran kumburi da jiki ke saki a lokacin ciwo, waɗanda su kaɗai kan sauya yanayin mutum. Shaida a kan haka ta fito daga masu ciwon hanta nau'in C da aka riƙa yi wa allurar intaferon, wanda ɗaya ne daga cikin waɗannan sinadarai: kusan ɗaya cikin uku ko huɗu daga cikinsu kan faɗa cikin matsananciyar damuwa a lokacin maganin.

Ƙera sinadaran kariya kan ɗauki kwanaki ko makonni. Daga nan tazarar ta samo asali.

Batun ya daɗe a fagen likitanci. A 1917 Constantin von Economo ya bayyana wata cutar barci a birnin Biyana, wadda ta bazu a duniya a shekarun da suka kewaye annobar murar 1918. Da yawa daga waɗanda suka rayu sun ƙare da sandarewar jiki da karkarwa bayan shekaru, yara kuwa halayensu suka sauya. Har gobe masana na muhawara kan asalinta, kuma martanin garkuwa na daga cikin manyan abubuwan da ake tuhuma.

Kurumcewa bayan zazzaɓin Lassa

Na fara da Lassa domin tamu ce. Garin Lassa yana ƙaramar hukumar Askira/Uba ta Jihar Borno, dab da iyakar Adamawa, kuma asibitin da aka fara ganin cutar a cikinsa na mishan ɗin nan ne da ya fara kafa sansani a Garkida a 1923. A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine ta kwanta a can, aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta ukunsu, Lily Pinneo, an kai ta Amurka ta rayu, kuma a Jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar aka sa mata sunan garin. A yau maƙwabciyarmu Taraba da kuma Bauchi suna cikin jihohin da alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ke nuna cutar ta fi tsanani, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, kuma hanyar Jalingo zuwa Jimeta ba ta rabuwa da matafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka tsira daga zazzaɓin Lassa kan samu matsalar ji, kuma rabinsu ne kawai jin ke dawo musu, shi ma ba duka ba, a cikin wata ɗaya zuwa uku. Binciken Cummins da abokan aikinsa a Saliyo, wanda aka buga a 1990, ya samu kusan kashi 29. Abin lura shi ne lokacin da kurumcewar ke zuwa. Sau da yawa sai a mako na biyu ko na uku, daidai lokacin da majinyaci ya fara samun kansa. Ba ta bin tsananin ciwon: wanda bai ko kwanta asibiti ba na iya kurumcewa. Maganin ribabirin ma bai nuna yana hana ta ba. Waɗannan abubuwa uku su suka karkatar da masana zuwa ga garkuwar jiki, kuma gwajin dabbobi ya ƙarfafa musu gwiwa. A 2018 an ga kumburin jijiyoyin jini irin na martanin garkuwa a jikin birran da suka tsira daga cutar. A 2022 masu bincike a Galveston ta Amurka sun nuna cewa idan aka kawar da fararen ƙwayoyin jini nau'in CD4 daga jikin ɓerayen gwaji, ba sa kurumcewa bayan cutar.

Ga abin da ya fi damuna. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa da Lassa ba sa nuna alama mai tsanani, wasu ma ba sa nuna komai. Ke nan ɗan kasuwar da ya yi zazzaɓin kwana huɗu da rani, ya sayi maganin cizon sauro a kemis, ya warke, sannan kunnensa ya ɗauke, babu wanda zai kawo Lassa a ransa. Zai ce kunnen ya yi dauɗa, ko ya ɗora laifin a kan kwinin. Kurumcewar babban mutum kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ciniki da baki ake yinsa, zumunci ma haka. Wanda ya daina ji yakan janye daga majalisa, a riƙa yi masa tsawa, a fara cewa ya zama wani iri. Damuwar da ke biyo baya tana da tushe biyu, ɗaya a jiki ɗaya a zamantakewa, kuma an ruwaito tangaɗi wajen tafiya da rikicewar tunani a wasu da suka tsira. Duk wanda ya zo mana da ɗaukewar ji farat ɗaya da rani, ya cancanci a tambaye shi zazzaɓin da ya yi a baya, da ɓeraye a gidansa, da inda ya yi tafiya.

Ƙyanda da abin da take bari

A watan Mayun 2024 Kwamishinan Lafiya na Jihar Adamawa, Felix Tangwami, ya sanar da mutuwar mutum 42 sakamakon ɓarkewar ƙyanda, akasari a yankunan Mubi da Gombi. Matattu su ake ƙirgawa a irin wannan lokaci, kuma dole ne a ƙirga su. Sai dai ƙyanda na da wani lissafin da ke zuwa daga baya. Kimanin yaro ɗaya cikin 1,000 da suka yi ta kan samu kumburin ƙwaƙwalwa da laka, galibi a cikin mako biyu da fitowar ƙuraje. Zazzaɓi ya dawo, yaro ya kama yawan barci, ya yi jijjiga, wani ƙafafu su saki ko fitsari ya ƙi fita. Wasu kan mutu, wasu su rayu da kurumcewa, farfaɗiya ko raunin fahimta. Richard Johnson da Diane Griffin da abokan aikinsu sun bibiyi irin waɗannan yara a ƙasar Peru, suka buga sakamakon a 1984. Abin da suka gani shi ne garkuwar jikin yaran na kai hari kan rufin jijiya, alhali babu wata shaida mai ƙarfi da ke nuna bairos ɗin ya shiga ƙwaƙwalwa.

A nan ya kamata mu yaba wa iyayenmu mata. Idan yaro ya rikice bayan baƙon dauro, kakarsa kan ce ƙyandar ce ba ta gama fitowa ba, ta koma ciki. Bayanin ba haka yake ba a kimiyyance, amma ta haɗa ciwon biyu da na farko, abin da takardar asibiti kan gaza yi. Idan ta faɗa, mu saurara mu rubuta.

Akwai wata larurar da ya kamata a bambanta da wannan, domin ita bairos ɗin da kansa ne ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa ya yi shiru shekara bakwai zuwa goma. Tana fara bayyana ne a makaranta: yaro mai ƙoƙari ya koma baya, ya riƙa mantuwa, halinsa ya sauya, daga baya jikinsa ya riƙa fizga, kuma kusan kullum ajali ne ƙarshenta. Wani bincike a jihar Kalifoniya da aka buga a 2017 ya samu ɗaya cikin 609 a tsakanin jariran da suka yi ƙyanda kafin su cika shekara. Yaran da suka kamu a 2024 sai wajen 2031 zuwa gaba ne za mu fara ganin nasu. Rigakafin ƙyanda, na wata tara da na wata goma sha biyar, yana toshe hanyar larurorin nan biyu gaba ɗaya. Ƙarambau ma kan bar wa wasu yara tangaɗi na 'yan makonni, amma wannan yakan wuce da kansa.

Shanyewar da ba shan-inna ba

Georges Guillain da Jean-Alexandre Barré da André Strohl su suka bayyana wannan cuta a 1916, a jikin sojojin Faransa biyu. Takan fara da jin tsira-tsira a tafin ƙafa, rauni ya hauro daga ƙasa a ɓangarorin jiki biyu daidai wa daida, ya kai maƙura cikin mako huɗu. Kusan biyu cikin uku na masu ita sun yi gudawa ko mura a makonnin da suka gabata. Ƙwayar da aka fi kamawa da laifi bakteriyar gudawa ce, amma bairos na mura, na ciwon hanta nau'in E da na Zika duk suna jawo ta. Lokacin da Zika ta ɓarke a tsibiran Folinishiya na Faransa a 2013 zuwa 2014, mutum 42 suka kwanta da wannan shanyewa cikin 'yan watanni.

A duniya ana samun mutum ɗaya zuwa biyu cikin 100,000 a kowace shekara. Ko da ƙidayar 2006 muka riƙe, wadda ta ba Adamawa mutum miliyan 3.2 ko kusa da haka, lissafin zai ba mu mutum 30 zuwa 60 a shekara. Kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu ita kan buƙaci na'urar taimakon numfashi. Wanda aka tsallakar da shi waɗannan makonni, yawanci yakan sake takawa da ƙafarsa.

Muna da wata dama a nan wadda yaƙi da shan-inna ya bar mana. Tun kafin a ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da shan-innar daji ranar 25 ga Agusta 2020, kowace ƙaramar hukuma na da jami'in sa-ido da ke bin duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda gaɓɓansa suka saki farat ɗaya. A ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, a aika ɗakin gwaji na Maiduguri ko Ibadan. Mafi yawan sakamakon kan dawo da cewa ba shan-inna ba ce. Ga tsarin sa-ido, aikin ya ƙare ke nan. Ga uwar yaron kuwa, tambayarta na nan: to mene ne? Wani kaso na waɗannan yara Guillain-Barré ce ke damunsu, kuma sunayensu da unguwanninsu suna rubuce a fom ɗin jami'an Yola ta Arewa, Yola ta Kudu da Girei.

Idan ciwon ya zo da fuskar hauka

Wannan ne sashen da nake roƙon a fi ba shi hankali. A 2007 Josep Dalmau da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka gano wasu sinadaran kariya da ke manne wa mashigar saƙo a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira NMDA. Cutar da suke jawowa ta fi kama yara da 'yan mata da matasan mata. A wasu matan, wani ƙari ne a ƙwan mahaifa ke tayar da ita. A wasu kuwa bairos ne, musamman hapis, wato mai fito da ƙuraje a gefen leɓe, idan ya kai ga ƙwaƙwalwa. Binciken Armangue da abokan aikinsa a Sifaniya, na 2018, ya nuna kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka yi kumburin ƙwaƙwalwa na hapis sun sake kwantawa da kumburin da garkuwa ta jawo, akasari cikin wata uku.

Mu ƙaddara budurwa ce 'yar shekara 17 a Jambutu ko Luggere. Ta yi ciwon kai da ɗan zazzaɓi, ya wuce. Bayan mako biyu barci ya ƙaurace mata, tana tsorata, tana jin muryoyi, tana zagin mahaifiyarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Gida za su ce aljanu ne ko an yi mata sammu, a kira malam ya yi ruƙiyya. Ba na ganin laifinsu, abin da ido ya gani ke nan. Idan an kawo ta wurinmu, mu ma muna da namu sunayen da muke saurin bayarwa: ƙwaya ta sha, ko firgicin rikicin Boko Haram ne, tun da gidaje da yawa a Jimeta sun karɓi 'yan gudun hijira bayan kama Mubi a watan Oktoban 2014. Sai a yi mata allurar Largactil ko haloferidol. Masu wannan cuta kuwa ba sa jure irin waɗannan magunguna: jiki ya sandare, zazzaɓi ya tashi, hankali ya ƙara gushewa. A mako na uku ko na huɗu magana ta ɗauke, baki da harshe su riƙa motsi da kansu kamar mai tauna, jijjiga ta zo, bugun zuciya da numfashi su rikice.

Amma fa cutar tana jin magani. A binciken Titulaer na 2013 a kan majinyata 577, kusan kashi 81 cikin 100 sun samu sauƙi mai kyau bayan shekara biyu, kuma waɗanda aka fara wa magani da wuri sun fi dacewa. Gwajin sinadaran kariyar ba ya kusa da mu, ga tsada. Sai dai ƙa'idojin da Graus da abokan aikinsa suka fitar a 2016 sun ba likita damar fara magani kafin wannan gwaji: idan ciwon ya taso cikin ƙasa da wata uku, aka samu huɗu daga alamomi shida, wato sauyin hali ko tunani, matsalar magana, jijjiga, motsin da ba na son rai ba, gushewar hankali, da rikicewar numfashi ko bugun zuciya, sannan ruwan laka ko gwajin wutar ƙwaƙwalwa ya nuna matsala, kuma an kore sauran dalilai.

Korar sauran dalilan nan a wurinmu aiki ne babba, ba a yi masa gaggawa. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, taifot, sanƙarau, tarin fuka na ƙwaƙwalwa, cutar ƙanjamau, ƙarancin sukari da taramadol duk sun fi wannan cuta yawa nesa ba kusa ba. Ba wa mai tarin fukan ƙwaƙwalwa sitiroyid shi kaɗai ganganci ne da rai. Ba ina kira a ɗauki kowane mai taɓin hankali a matsayin mai kumburin ƙwaƙwalwa ba ne. Kirana shi ne, taɓin hankalin da ya faɗo wa mai lafiya cikin kwanaki, ya zo da zazzaɓi ko jijjiga ko ɗaukewar magana, a ɗauke shi ciwon ƙwaƙwalwa har sai bincike ya nuna akasin haka. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, kuma Asibitin Tarayya na Masu Larurar Ƙwaƙwalwa da ke Maiduguri tafiyar sa'o'i ce daga nan. Wanda zai fara ganin budurwar nan ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa ne.

Korona ta jawo hankalin duniya ga wannan fage. Binciken Taquet na 2021 a kan mutum 236,379 da suka yi korona ya samu kusan ɗaya cikin uku da wata larurar jijiya ko ta tunani a cikin wata shida, mafi yawa fargaba da damuwa. Adadin ya haɗa da masu tsohuwar larura, kuma ba duka ne garkuwa ta jawo ba, don haka a yi hattara wajen kafa hujja da shi.

Abin da za mu iya yi da abin da ke hannu

Mafi arha shi ne tambaya. A saka layi ɗaya a takardar karɓar majinyaci a sashen gaggawa, na yara da na masu taɓin hankali: wane ciwo ka yi a cikin wata biyun da suka wuce? A yi ta da Hausa da Fulatanci da duk harshen da majinyaci ya fi sakewa da shi, kuma a tambayi wadda ta yi jinyar, domin ita ke riƙe da tarihin. Haka nan ranar sallamar mai ƙyanda, mai Lassa ko mai kumburin ƙwaƙwalwa, a gaya wa dangi alamomin da za su sa su dawo, a ba su ranar dawowa bayan mako shida, a gwada ji ko da da raɗa ne daga bayan majinyaci, kunne ɗaya bayan ɗaya.

Ɗibar ruwan laka, wato ruwan baya, na buƙatar lallashi. Mutanenmu na tsoronta, suna cewa ita ke shanye mutum ko ta kashe shi, domin galibi sai ciwo ya yi nisa ake yinta. Minti goma na bayani ga uba ko miji, a zaune, yakan sauya amsa. Malamai masu ruƙiyya ma abokan aiki ne idan an je musu da girmamawa. Babu malamin kirki da zai ƙi a ce masa, Allah gafarta Malam, idan ka ga zazzaɓi ko jijjiga ko an daina magana, a ci gaba da addu'a amma a taho asibiti yau.

Ta fuskar magani, kumburin ƙwaƙwalwa bayan ƙyanda da na NMDA ana fara su da sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya na kwana uku zuwa biyar, kuma wannan ana samunsa a garin nan. Idan ana zargin hapis, asiklobir ta jijiya na kwana 14 zuwa 21 shi ne kan gaba. Guillain-Barré kuwa sitiroyid ba ya mata amfani. Maganinta imunoglobulin ne, giram biyu ga kowane kilo na nauyin jiki a raba cikin kwana biyar, ko kuma tace ruwan jini, kuma kuɗin kowannensu ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Inda babu su, sauran aikin na ma'aikatan jinya ne da masu gashin ƙashi: sa majinyaci ya ƙirga da numfashi ɗaya sau da yawa a rana don a ga ko ƙirjin na raunana, lura da haɗiya, juya shi kan lokaci, da motsa gaɓɓai.

Daga ƙarshe ina ba da shawarar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru na jiha da ke nan Jimeta su buɗe rajista guda ta haɗin gwiwa, wadda za a riƙa shigar da duk wanda larurar jijiya ko ta tunani ta same shi cikin wata uku da yin zazzaɓi. A haɗa ta da fom ɗin jami'an sa-ido kan shanyewar yara, a kuma ajiye ragowar ruwan laka cikin sanyi, da izinin dangi, don a aika gwaji idan hali ya yi. Bayan shekara biyu za mu iya zuwa gaban Ma'aikatar Lafiya da hukumar inshorar lafiya ta jiha da alƙaluman Adamawa, mu nemi a ajiye imunoglobulin ko da na majinyata kaɗan ne a asibiti ɗaya.